Mutumin da Ya Raba wa Karnuka Laifinmu

Mai kowa ya karɓi babanmu a ƙarshen kakar nan, ana cikin yankan dawa, kuma ban same shi da rai ba. Saƙon ya iske ni a Funtua bayan an riga an binne shi. Na hau motar Malumfashi da safe, daga can na taka da ƙafa zuwa gidan gonarmu da ke gefen hanyar Kafur, na zauna kwana bakwai ina karɓar gaisuwa a gindin ɗorawar ƙofar gida. A cikin kwanakin nan ne raina ya ɓaci har na ce sai na rubuta wani abu a kansa.

Ba wanda ya zo da mugun nufi. Mutum zai iso da fuska a ɗaure, ya durƙusa, ya ce ina haƙuri, a amsa masa. Musulmin cikinsu su tsaya a kan "Allah ya ba da haƙuri", don sun san tsohon bai yi salla ba har ya koma, ba su san abin da za su ƙara ba. 'Yan'uwanmu Maguzawa kuma su wuce cikin gida inda tulunan giya suke. Amma da wanda ya tsaya waje da wanda ya shiga, ba a jimawa sai ka ga leɓen mutum yana rawa, ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Wai Jaki-Ya-Riga-Shi yana nan da rai?" Shi ke nan zaman makoki ya lalace. Wani tsohon maharbi da ya taso tun daga wajen Musawa ya yi dariya har ya sarƙe, sai da aka ba shi ruwa. Wata tsohuwa ta gama kukanta tsaf, ta share hawaye, sannan ta roƙe ni in nuna mata Gishiri-Biyu, wai ta daɗe tana jin labarinta ba ta taɓa ganinta ba.

Mutumin nan ya fi shekara arba'in yana riƙe da gandu. A shekarar da gero ya ƙi, rumbunsa ya ciyar da gidajen da ba nasa ba har ruwa ya sauka. Ya san maganin sarar maciji, bai taɓa karɓar ko ƙwai a kansa ba. Cikin masu gaisuwar ba wanda ya ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai sunayen karnuka. Na yi kwana uku ina jin haushinsu, ran na huɗu na gane da shi ya kamata in yi fushi, domin shi ya jawo wa kansa. To tunda da karnuka za a tuna shi, gara a tuna shi daidai, a san daga inda kowane suna ya fito.

A gidajen maharba ba a rasa kare, kuma sunayen sanannu ne: Baƙi, Duna, Dogo, wanda ya so ya ce Zaki. Babanmu bai taɓa yarda da irin waɗannan ba. Shi a wurinsa kare abin ɗaukar kaya ne kamar jaki, kayan kuwa laifi. In wani a gidan ya yi ɓarnar da aka fara yi masa gori a kanta, sai tsohon ya nemo ɗan kwikwiyo, ya tara gida da sassafe kafin a fita gona, ya kife turmi ya zauna. Ya faɗi abin da ya faru a taƙaice, mai laifin ya kawo ruwa a kasko ya ajiye wa kwikwiyon da hannunsa, sannan a raɗa suna. Daga ranar laifin ya koma wuyan kare. Duk wanda ya sake yi wa mutumin gori, ko ya ta da maganar a gabansa, tararsa zakara, kuma a gaban idonsa za a cinye ba a ba shi ko ƙafa ba. In karen ya mutu a binne shi a bakin gona, sunan ya bi shi.

Shi ya ce wajen kakansa ya gada. Goggo, yayarsa ce, ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata, kullum aka zo nan sai ta taɓe baki.

"Ƙarya yake. Kakanmu ko kyanwa bai ajiye ba. Da kaina ya fara."

Gaskiyarta ce, da ita ya fara. Wata shekara tana tashen kuruciya ta rasa dawar da za ta yi giyar biki, ta lallaɓa ta ɗebi irin da aka ware don shuka. Giya ta yi daɗi, kowa ya yaba, ruwan farko ya sauka aka buɗe tukunyar iri aka tarar da rabi. Karyar da aka samo a kan wannan ita ce Dafa-Iri, kuma daga tsatsonta rabin karnukan gidan suka fito. Jaki-Ya-Riga-Shi na kawunmu ne, wanda ya je kasuwar Kafur ya zauna wajen masu tulu har jakinsa ya gaji da jira, ya kamo hanya ya iso gida da kayan a bayansa daidai, shi kuwa sai washegari da hantsi, ba hula. Birai-Sun-Gode na ƙanena ne. An ba shi gadin masara, ya hau rumfa ya miƙe ƙafa, da ya farka birai sun ci sun ƙoshi har sun yi guzuri. Kafin in sa waɗannan a takarda na nemi izinin duk mai rai a cikinsu. Kowa ya yarda, sai Kawu da ya ce in rubuta cewa jakin ma ya sha, amma ba zan yi wa dabba ƙazafi ba.

Ni dai tun ina matashi abin nan yake ba ni haushi. Wai an sauke maka laifi, amma kowace safiya sai tsoho ya tsaya ƙofar gida ya ƙwala kiran laifin naka da muryar da ake ji har fadama, laifin ya rugo da gudu yana kaɗa bindi. Baƙo ya zo ya tambayi dalilin sunan, a ce masa a gidan nan ba a faɗi, ya tsallaka gidan maƙwabta a ba shi labari da ƙari. Na taɓa kai wa Goggo ƙorafi a kan haka. Ta ce watan farko ne mai zafi, a wata na uku sunan kare ne kawai. Shi kuwa da maganar ta kai kunnensa cewa ya yi, mutum ba ya iya ɗaukar abu ɗaya shekara goma, kare yana iyawa, ga shi ba ya jin Hausa.

Na ce maganar ta kai kunnensa, domin ni da shi ba mu magana baki da baki. Ni ne ɗan farinsa, kuma ya riƙe kunyar ɗan fari fiye da duk wanda na sani. Tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa duban idona ba. Ina tsaye gabansa zai juya ga Goggo ya ce, "Ce wa wancan ya ɗaure akuya." In Goggo ba ta kusa sai ya faɗa wa bango. Mutane suna yaba masa, wai dattako. Ni na girma ban san ko ina burge shi ko ina ba shi takaici ba, sai dai in duba karnuka.

Nawa na farko na same shi ina ɗan shekara goma sha shida. Na fita da baka da asuba, na hango jan abu yana motsi cikin ciyawar fadama, na ce gada ce, na saki kibiya. Akuyar maƙwabcinmu ce, ga ta da ciki. Aka biya akuya, aka samo wani jan kwikwiyo mai lanƙwasasshen kunne, na kawo ruwa ina ji kamar ƙasa ta tsage. Sunansa Gadar-Maƙwabci. Na tsani karen nan iya tsana, shi kuwa duk gidan ba wanda ya liƙe wa sai ni. In na tafi gona yana baya, in na tafi ajin yaƙi da jahilci a Kafur yana kwance bakin ƙofa har a tashi.

Kada in zalunci mamaci, akwai ranar da na ga amfanin abin da idona. Matar ƙanena ta bar ɗanta mai rarrafe kusa da murhu ta juya ta kore akuya daga shanya, yaron ya kai hannu cikin wuta. Ya rayu, amma yatsu biyu suka manne. Matan gidan suka sa ta a gaba, ba zagi, sai dai in ta shigo a yi shiru, in ta ɗauki ɗan wani a karɓe. Ta rame, ta daina fitowa tsakar gida, har ta ɗaure kayanta za ta koma gidansu. A makon babu kwikwiyo ko ɗaya a unguwar. Tsohon ya saɓa gora ya taka har Dayi inda ya ji wata karya ta haihu, ya dawo da ɗaya cikin burgami. Da ya kife turmi ranar bai yi barkwanci ba. Ya ce duk wadda ba ta taɓa juya wa yaro baya ba ta ɗaga hannu ya gani. Ba wadda ta ɗaga. Ya raɗa wa kwikwiyon Na-Juya-Baya, ya ce tarar wannan ba zakara ba ce, bunsuru ne. Matar tana gidan har yau, 'ya'yanta biyar, kuma a makokin nan ita ta fi kowa kuka.

Daga baya na bar gida. Na iya karatu da lissafi, na sami aikin ɗaukar buhu a kasuwar auduga ta Funtua, daga nan aka ɗaga ni na zama malamin sikeli. A can na musulunta. Na daɗe ina tsoron ranar da labarin zai isa gida, na ɗauka har an fara neman kwikwiyo. Abin da ya aiko ta bakin Goggo shi ne, "Ce masa a can ɗin ma a riƙa ci ana ƙoshi." Bai ɗauke shi laifi ba, bai raɗa wa kowane kare suna a kai ba.

Laifin ya zo bayan an sami mulkin kai da shekara biyu ko uku, lokacin da nake neman auren 'yar wani dattijo mai sayar da yadi. Ya san sabon musulmi ne ni, amma game da gidanmu manoma ne kawai na ce masa, ban ƙara ba, shi ma bai matsa ba. Wata ranar kasuwa ya biyo ya ga yadda nake aiki. Ina tsaye bakin sikeli cikin farar riga, yana gefena muna hira, sai wani jan kare da furfura a baki ya ratso tsakanin buhuna ya ɗora mini ƙafafunsa biyu a ƙirji yana lasar hannuna. Na ɗaga kai, ga babanmu a cikin layi da jakai uku. Ba riga a jikinsa, sai wani tsohon walki da ya yi baƙi don daɗewa, ga gora a kafaɗa.

Dattijon ya ja da baya yana tattare rigarsa. Ya ce, "Subhanallahi. Malam, ka san su ne?"

Na ture karen da ƙafa na ce, "Mutumin ƙauyenmu ne."

Tsakanina da tsohon bai fi taku biyar ba, ya ji sarai. Bai dube ni ba, dama ba ya dubana. Karen ya duba.

"Gadar-Maƙwabci, taho. Ka yi kuskuren mutum."

Ya janye jakansa daga layina ya koma layin ɗaya sikelin, aka auna masa, ya tafi.

Abin takaicin, ƙaryar ba ta yi mini amfanin komai ba. Ba a yi wata ba dattijon ya ji gaskiya, domin a Funtua ba a ɓoye uban mutum. Ya kira ni zaurensa ya wanke ni tas. Ya ce da na ce ubana ne da ya je ya gaishe shi ya kai shi gida ya sha ruwa, kuma abin da ya sa zai ba ni 'yarsa duk da haka shi ne ya ga idona ya faɗa tun ranar. Ya ce in je in nemi gafara kafin a sa rana.

Na je. Na durƙusa a ƙofar ɗakin Goggo, tsohon yana zaune a gefe yana gyaran ƙotar fartanya, na faɗi duk abin da zan faɗa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce wa Goggo, "Ce masa tuwo na hucewa." Na ci tuwo na kwana, da safe na jira a kife turmi. Ba a kife ba.

Daga nan na fara jiran abin da na fi tsana a duniya. A gidanmu ba a cewa na yafe, kare ake samowa, kuma mutumin da ba ya iya yi mini magana ba shi da wata hanyar ban da wannan. In ba kare, to laifin yana nan a wuyana. A daminar shekarar Gadar-Maƙwabci ya mutu, ya zama duk gidan, in ka cire tsohon, ni kaɗai ne ba ni da kare, ni da na fi kowa buƙata.

Shekara ta zagayo, wata ta bi ta. Duk zuwan da ƙanena zai yi Funtua sai na kewaya na kewaya na tambaye shi ko an yi sabon kare. Ana yi mana. An yi Gishiri-Biyu, don amaryar ɗan Goggo ta zuba gishiri sau biyu a miyar gayya, manoma talatin suka yini suna shan ruwa. An yi Jarumin-Rumbu, don wani ɗan'uwanmu da yake cika baki ya taɓa korar kura da sanda ya ji masu lambar rigakafi sun shigo unguwa da allurarsu, ya faɗa rumbu ya ja murfi, sai da yamma aka zaro shi fari fat da ƙaiƙayi. Har Manta-Fartanya an yi. Fartanya fa. Mutum ya manta fartanya a gona ya sami kare a cikin mako, ni na yi musun ubana a bainar jama'a ina nan zaune shekara huɗu.

A shekara ta biyar na yi abin da har yau matata take dariyarsa. Na ce wataƙila kwikwiyo ne ba ya so ya nema da kansa, bari in sauƙaƙa masa. Ni malamin sikeli, surukin mai yadi, mai salla a sahun gaba, na zagaya bayan tasha wajen maharba na sayi kwikwiyo, na sa shi a kwando na rufe da tsumma, na ratsa kasuwa yana kuka ina tari don in rufe kukan. Na danƙa wa ƙanena a bakin mota na ce ya kai, kada ya ce komai, tsohon zai gane. Ƙanena ya rungume kwando, mota ta tashi, iska ta buge shi. Bai farka a Malumfashi ba sai da yaran mota suka tashe shi a Dayi, ya tako da ƙafa ya iso gida washegari. Bayan mako biyu labari ya zo mini cewa an kife turmi, an raɗa wa kwikwiyona suna Barci-Har-Dayi. Karen da na saya da hannuna, aka kashe shi a kan barcin wani.

Da kaka na tafi gida a fusace. Na tarar da su a masussuka, mata suna bugu, shi yana zaune kan dami. Na gaishe shi ta bakin Goggo kamar kullum, sannan na ce ta tambaye shi sai yaushe.

Ya daɗe yana murza zangarniya a tafinsa kafin ya ce, "Ce masa wanga ya fi ƙarfin kare."

A nan na yi abin da ɗan fari ba ya yi. Na tsallake Goggo na tsaya a gabansa.

"Baba, da kai nake, ba da Goggo ba. Karnuka nawa aka binne a bakin gonar nan? Na Goggo, na Kawu, na mata, na yara. Ko ɗaya babu naka. Kai tun da aka haife ka ba ka taɓa laifi ba ke nan?"

Bugu ya tsaya. Wata ta saki sandarta ta rufe baki. Shi kuwa ya zubar da ƙwayar da ke hannunsa, ya karkaɗe tafi, ya dubi wajen Goggo.

"Ce masa motar yamma ba ta jira."

Na kama hanya. Wannan ne ganina da shi na ƙarshe. Damina biyu ina aika gishiri da kananzir ta hannun ƙanena, amma ban taka gidan ba, ina cewa sai ya neme ni. Na san ba zai iya nemana ba, na dai ce hakan.

A kwanakin makokin na lura da wani baƙin kare siriri da ke kwance a ƙofar ɗakin mamacin, ba ya shiga cikin sauran. In za a kore shi ko a ba shi abinci sai a ce "kai, kai", kamar karen da ba na gidan ba. A gidanmu kare marar suna abin mamaki ne. Na tambayi ƙanena, ya sosa ƙeya ya ce in tambayi Goggo. Na tambaye ta, ta ce in bari baƙi su watse.

Ran na takwas da safe na ɗaure kayana. Goggo ta sa aka tara gida, ta kife turmi, amma ba ta zauna a kai ba, ta tsaya a gefensa da sandarta.

"Malam, matso. Bayan tafiyarka da wata biyu ya tara mu kamar haka. Abin da ya ce zan faɗa maka, ban ƙara ban rage ba. Ya ce, kowa ya sani audugar gidan nan Malumfashi ake kai ta, nan kusa. Ya ce, na ji yana neman aure a Funtua bai faɗa wa mutanen ko shi ɗan wa ne ba, abin ya ci ni. Ina da riga sabuwa wadda shi ya aiko mini. Na bar ta a rataye, na ɗaura walkin da ko gona na daina zuwa da shi, na kora jakai kwana biyu, na tafi da karen da na san zai gane shi cikin mutum dubu. Na je in gwada shi, ya kuwa faɗi gwajin. Ya ce, shekara biyar ina neman karen da zai ɗauki laifin yaron nan ban samu ba, ashe rabin kayan a hannuna yake."

Ta nuna baƙin karen da sanda.

"Da kansa ya je ya ɗebo ruwa a kasko, yana tafe gwiwa na ƙara. Ya ce sunansa Da-Gangan."

 Da bakina ya buɗe, faɗa ne ya fito.

"Goggo, kusan shekara biyu. Ina Funtua, ba Makka ba. Me ya hana a aiko mini?"

"Na ce a aika. Ya ce ɗan fari ne, da wane baki. Ya hana ƙanenka faɗi, ya ce za ka zo kaka ka ga kare ba a kiransa ka tambaya. Kakar bara ya sa an share ɗakinka." Ta gyara riƙon sandarta. "Ga shi ka zo kaka."

Na tambaye ta dalilin da ba a kiran karen tunda yana da suna. Ta ce don ba a gama raɗin ba. Sau uku ake kiran suna a kan turmi, tsohon ya kira biyu ya tsaya. Ya ce kare ɗaya ya ishe mu mu biyu, kira na uku nawa ne, kuma har in zo kada wanda ya kira shi.

"In ka kira, magana ta mutu, ba kai ba ta da ita, ko a gabana. In akwai abin da ka rage, faɗe shi yanzu."

Na dubi ɗakin, an ja asabari. Duk gidan suna tsaye, har Kawu ya cire hula. Na yi shekaru ina shirya dogon jawabi, amma abin da ya fito gajere ne. Na ce, ranar nan a bakin sikeli an tambaye ni ko na san shi. Ubana ne. Shi ya haife ni.

Matar ƙanena ta miƙo mini kasko. Na je randa na ɗebo ruwa, na ajiye a gindin turmi, na kira sunan. Muryata ba ta fita sosai ba, amma Goggo ta ce an ji. Karen ya ɗaga kai ya dube ni, bai taso ba, domin bai san ni ba, sunan ma sau biyu kawai ya taɓa jinsa. Sai da na ja da baya na tsuguna ya miƙe a hankali, ya zo ya shinshina kaskon ya sha.

Da na koma Funtua na tambayi surukina irin addu'ar da ta halatta in yi wa mutumin da ya mutu a kan addinin iyayensa. Ya ce in bar shi ga Wanda ya yi shi, Shi ya san abin da ke cikin kowane ƙirji, ni kuma in riƙe zumuncin da ya bari. Na bar shi gare Shi. Allah ya ba Goggo da sauranmu haƙurin rashinsa, ya sa gidan ya ci gaba da zama gida.

Amma haushinsa bai sake ni ba, kuma ba na jin zai sake ni. Kalma huɗu ce, ce masa ya zo, da Goggo ta isar, da na hau motar safe. Ya gwammace ya taka ya nemo kare, ya tona kansa a gaban mata da jikoki, ya zauna jirana har ya mutu. Ni ma da na bi zuciyata sau ɗaya na je kakar bara, da na same shi zaune kan turmin. Yanzu duk ƙarshen wata ina zuwa gida, kuma Da-Gangan ya fara tarata tun daga bakin gona.